Yadda Ake Ba Wuƙar Aiki Ruwa Ta Yi Tauri Ba Tare da Ta Tsage Ba

Wuƙar da aka ƙera da hannu tana iya burge ido, siffarta ta fita sosai, ƙotarta ta zauna daram a tafin hannu, amma duk wannan ba ya tabbatar da cewa za ta yi aiki. Abin da ke bambanta wuƙar da za ta yi shekaru tana yankan igiya da fata da itace da wadda za ta dakushe tun a yinin farko shi ne abin da ya sami ƙarfen a cikin 'yan mintocin da ya yi a wuta, da daƙiƙun da ya yi a cikin mai, da kuma sa'o'in da ya yi a tanderu bayan haka. Wannan shi ne aikin da maƙera ke kira ban ruwa, ko da yake da yawa daga cikin ƙarafan da ake yin wuƙa da su a yau mai suke sha maimakon ruwa. A ganina babu matakin da ya kai wannan muhimmanci, kuma babu wanda ake yawan yi da ƙiyasi kamarsa, alhali aiki ne da ke da ƙa'idoji sanannu waɗanda kowa zai iya bi.

Ƙarfen da ake yin kayan aiki da shi baƙin ƙarfe ne da aka haɗa da sinadarin kabon, galibi daga kashi 0.6 zuwa 1.5 cikin ɗari. Idan zafinsa ya wuce digiri 727 a ma'aunin Salshiyas, tsarin cikinsa yakan fara sauyawa, kabon ɗin ya narke a cikin ƙarfen kamar yadda gishiri ke narkewa a ruwa, duk da cewa ƙarfen bai zama ruwa ba. Masana suna kiran wannan yanayi ostenait, daga sunan masanin ƙarafa ɗan Ingila Roberts-Austen. Idan aka bar ƙarfen ya huce a hankali, kabon ɗin zai sami lokacin ficewa ya koma inda ya fito, ƙarfen ya yi laushi. Idan kuwa aka sanyaya shi farat ɗaya, sai kabon ɗin ya maƙale a inda yake, tsarin ƙarfen ya ɗaure tamau, a sami abin da ake kira martensait, wanda shi ma aka sa masa sunan Adolf Martens na Jamus. Martensait yana da matuƙar tauri, amma yana da gautsi irin na gilashi, shi ya sa dole a sake gasa wuƙar a zafi mai sauƙi domin a rage taurin kaɗan a sayo mata juriya. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan bayani aka gina shi.

Sanin irin ƙarfen da ke hannunka

Kafin ka hura wuta, ka san sunan ƙarfenka, domin kowane iri yana da zafin da yake so da abin da ake tsoma shi a ciki. Ga wanda ke aiki da gawayi ko gas ba tare da na'urar daidaita zafi ba, ƙarfen da ake kira 1084 shi ne mafi sauƙin sha'ani: kabon ɗinsa bai wuce kimanin kashi 0.84 cikin ɗari ba, kabon ɗin yana narkewa a cikin ƙarfen da sauri a digiri 800 zuwa 815, kuma ƙarfen ba ya buƙatar a daɗe ana riƙe da shi a wuta. Ƙarfen O1, wanda ya shahara wajen yin kayan aiki, yana da kabon kusan kashi 0.9 tare da sinadaran manganis da ɗan kuromiyam da tungisten. Yana taurara cikin mai ba tare da wahala ba, kuma bai cika karkacewa ba, sai dai yana so a riƙe shi a wajen digiri 800 na tsawon minti 10 zuwa 15 kafin ya ba da duk abin da ke cikinsa, kuma riƙe zafi guda na tsawon wannan lokaci a buɗaɗɗiyar wuta ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙarfen 1095 yana da ruɗi, domin ana ganin kamar ɗan'uwan 1084 ne, amma yana buƙatar sanyaya mai saurin gaske. Shi kuwa D2, mai kuromiyam kashi 12 cikin ɗari, sai ya kai wajen digiri 1010 zuwa 1025, a iska yake taurara, kuma sai an naɗe shi a cikin siririn fallen ƙarfe don kare fatarsa. Wanda ba shi da tanderun lantarki mai ma'auni ya bar irin wannan tukuna.

Mutane da yawa da tsohon magagari ko sifirin mota ko boris suke farawa, kuma ba laifi ba ne, amma ka sani cewa kana aiki ne da ƙarfen da ba ka san asalinsa ba. Wasu magagarai masu araha fatarsu kawai aka taurara, cikinsu laushi ne. Tsohon sifiri kuma yana iya ɗauke da ƙananan tsaga da ido ba ya gani, waɗanda sai an tsoma shi a mai suke buɗewa. Ƙarfen gini mai ƙarancin kabon ba zai yi taurin wuƙa ba ko da an tsoma shi a ruwan ƙanƙara. Ƙarfen da aka shafe da tutiya kuwa kada ya kusanci wutarka, domin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Saboda haka shawarar da na fi ba ta nauyi ita ce ka yanki ɗan guntu daga ƙarfen da za ka yi wuƙar da shi, mai kauri daidai da nata, ka yi masa duk abin da kake niyyar yi mata, sannan ka ɗaure shi, ka rufe da tsumma, ka sa gilashin kare ido, ka buge shi da guduma ya karye. Ka dubi bakin karayar a haske. Idan ya fito sumul, mai launin toka-toka, ƙwayoyinsa sun yi ƙanana har ido ba ya iya rarrabe su, to zafinka ya yi daidai. Idan kuwa ka ga ƙwayoyi manya suna ƙyalli kamar yashi, wuta ta yi yawa. Idan guntun ya lanƙwashe bai karye ba, bai taurara ba ke nan. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gara ka yi asarar guntu uku da ka yi asarar wuƙar da ka kwashe mako kana gurza.

Shirya wuƙar

Duk hudar da za a yi a ɓangaren da ke shiga ƙota, a yi ta tun ƙarfen yana da laushi. Kada ka fitar da kaifi yanzu. Ka bar bakin da kaurin kimanin milimita 1, domin bakin da ya yi siriri da yawa yakan ƙone a wuta ko ya yi lanƙwasa-lanƙwasa a cikin mai. Ka goge manyan zane-zanen da magagari ya bari da sanfefa mai lamba 120 zuwa 220, musamman waɗanda suka gitta bakin wuƙar, ka kuma gurje duk wata kusurwa mai tsini a inda ruwan wuƙa ya haɗu da wutsiyarta, saboda daga irin waɗannan wurare tsaga ke farawa. Gefe biyun su zama an gurza su daidai, in ba haka ba wuƙar za ta karkata zuwa ɓangare guda.

Idan da guduma ka ƙera wuƙar, ƙwayoyin ƙarfen sun riga sun girma saboda zafin ƙira, kuma bugun ya bar gajiya a jikinsa. Maganin wannan shi ne a zafafa wuƙar sau uku ana barin ta tana hucewa a iska har jan ya ɓace gaba ɗaya, kowane zagaye a zafin da bai kai na baya ba. Ga 1084, a fara da wajen digiri 870, sannan 830, sannan 790. Wanda ya sayi sabon ƙarfe mai laushi daga masana'anta ya yanke siffar wuƙa ya gurza kawai, yana iya tsallake wannan mataki.

Zafafawa

A nan ne mafi yawan wuƙaƙe ke lalacewa, kuma kusan kullum yawan wuta ne ke lalata su. Ka yi aikin a inuwa mai duhu ko bayan faɗuwar rana, domin ƙarfen da a hasken rana za ka ga ya ɗan yi ja kawai, a duhu za ka tarar ya riga ya kai ruwan lemo. Wurin kuma ya kasance iska tana shiga tana fita, saboda hayaƙin gawayi da na gas suna kisa ba tare da an ji warinsu ba. Dabara mai amfani ita ce ka kwantar da guntun bututun ƙarfe mai kauri a cikin garwashi, ka bar shi ya yi ja ko'ina, sannan ka riƙa zura wuƙar a cikinsa. Bututun yana raba zafin daidai, yana kuma kare wuƙar daga iskar zuga-zugi wadda ke cinye kabon ɗin da ke fatar ƙarfe. Tsinin wuƙa da bakinta sun fi saurin ɗaukar zafi, don haka ka fara da ɓangare mai kauri, kana kai wa kana komowa, har launin ya zama ɗaya daga gindi zuwa tsini.

Ka rataye mayen ƙarfe kusa da wutar. Idan zafi ya kai digiri 770, ƙarfe yakan daina amsa kiran mayen, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, suna zaton lokacin tsomawa ya yi. Bai yi ba tukuna, saura digiri 30 zuwa 45. Abin da mayen ke gaya maka shi ne ka kusa, sai ka mayar da wuƙar wuta ka bar launin ya ƙara haske kaɗan, ba da yawa ba. Gishirin girki yana narkewa a digiri 801, don haka idan ka barbaɗa 'yan ƙwayoyi a kan guntun gwaji ka ga sun narke sun malale, ka riƙe wannan launin a idonka, domin shi kake nema.

Akwai kuma wata alama da ƙarfen kansa ke nunawa, wadda duk wanda ya gan ta sau ɗaya ba ya mantawa. Yayin da wuƙar ke ƙara ja a cikin duhu, za ka ga kamar wata inuwa tana yawo a jikinta, wani wuri ya yi duhu-duhu duk da cewa wuta ba ta ragu ba. Wannan inuwa sauyin tsarin ƙarfen ne kake gani da idonka, domin sauyin yana shanye zafi yayin da yake faruwa. Takan fara gushewa daga bakin da ya fi siriri, ta ja da baya zuwa gadon bayan wuƙar, har ta ɓace. Idan ta ɓace gaba ɗaya launin ya daidaita, ka riƙe 1084 a haka na minti ɗaya zuwa biyu, O1 kuma gwargwadon yadda za ka iya ba tare da launin ya ƙara haske ba. Idan ba za ka iya riƙe zafin ba, gajeren lokaci a zafin da ya dace ya fi dogon lokaci a zafin da ya wuce kima.

Tsomawa

Ka shirya man tun kafin wuƙar ta shiga wuta. Ka zuba aƙalla lita 4 a cikin mazubin ƙarfe mai zurfi wanda ke da murfi, ka ajiye shi taku ɗaya daga wutar. Akwai mai na musamman da ake yi domin wannan aiki, kuma shi ya fi dacewa da 1095, wanda ke buƙatar zafinsa ya faɗo ƙasa da wajen digiri 540 cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ga O1 da siririyar wuƙar 1084, man girki marar kauri irin na kanola yana wadatarwa. Ka ɗumama man zuwa digiri 50 ko 55 ta hanyar tsoma jan guntun ƙarfe a ciki, domin mai mai ɗumi ya fi tsinkewa, ya fi zagaya ƙarfe da sauri, don haka ya fi mai sanyi saurin kwashe zafi. Baƙin man inji da aka riga aka yi amfani da shi ba na ba da shawararsa ko kaɗan: sanyayawarsa ba ta da tabbas, hayaƙinsa kuma guba ne.

Ka riƙe wuƙar da awartaki ta wutsiya, ka gwada tafiyar hannunka daga wuta zuwa mazubi sau biyu tun tana da sanyi, saboda idan lokaci ya yi ba ka da fiye da daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ka tsoma ta a miƙe, tsini a gaba, ruwan wuƙar duka ya nutse, sannan ka riƙa motsa ta sama da ƙasa ko ta fuskar baki da baya kamar kana yanka man. Motsin yana fasa rigar tururin da ke lulluɓe ƙarfen ta hana shi hucewa. Kada ka kaɗa ta gefe da gefe, domin gefe ɗaya zai riga ɗaya hucewa, wuƙar ta lanƙwashe. Wuta tana iya tashi a saman man, don haka fuskarka da hannunka kada su kasance a saitin bakin mazubin. Idan ta ƙi mutuwa ka rufe da murfi, kada ka kuskura ka watsa ruwa.

Bayan kamar daƙiƙa 8 zuwa 10 ka fito da ita ka dube ta a tsaye. A wannan lokaci tana hayaƙi amma ba ta gama taurara ba, saboda martensait sai zafi ya sauko wajen digiri 200 yake fara samuwa. Kana da ɗan taƙaitaccen lokaci na miƙar da ita da hannu mai safa mai kauri, ko ka matse ta tsakanin shafaffun faranti biyu na ƙarfe. Da zarar ka ji ta fara ƙin lanƙwasuwa, ka ƙyale ta, domin daga nan duk ƙarfin da ka sa karaya zai jawo. Game da ruwa kuwa, gaskiya ne akwai ƙarafa irin su W1 da aka yi domin ruwa, amma siririyar wuƙa a ruwa caca ce, kuma wanda ya taɓa jin wannan ƙaramar ƙara ta "ƙyas" daga cikin bokiti ya san aikinsa ya tafi.

Idan ta huce, ka ɗauki magagari mai kyau ka goga a bakinta. Idan ta taurara, magagarin zai zame ya wuce da ƙara siririya kamar ana goga shi a kwalba. Idan ya ɗan ci a farko, kada ka yanke hukunci, domin akwai siririyar fata da wuta ta cinye wa kabon. Ka ci gaba da gogawa a wuri ɗaya ka ga ko zai kai ga tauri a ƙarƙashi. Idan ya ci gaba da ci, ko dai zafin bai kai ba, ko ka yi jinkiri a hanya, ko man bai yi saurin kwashe zafin ƙarfen ba, sai ka sake daga matakin hucewa a iska.

Gashin ƙarshe

Da zarar wuƙar ta huce har kana iya riƙe ta da hannu, ka wanke man da sabulu ka sa ta a tanderu, wanda ya kamata ka kunna tun kafin ka fara tsomawa. Na taɓa taurara wata wuƙa da dare, na ga gajiya ta kama ni, na ajiye ta a kan tebur da niyyar gasawa da safe. Da gari ya waye na tarar da tsaga siririya kamar gashi ta taso daga baki ta nufi baya, ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ɗaurin da ke cikin sabon martensait ya isa ya yaga ƙarfe shi kaɗai.

Tanderun girki yana yin wannan aiki, amma lambar da ke jikin makunninsa ba abin dogaro ba ce, kuma zafinsa yana hawa yana sauka. Ka sa ma'aunin zafi na daban a ciki kusa da wuƙar, ka kuma ɗora ta a kan bulo ko ka binne ta a farantin busasshen yashi da ya riga ya yi zafi, domin su daidaita hawa da saukar. Ga wuƙar aiki ta 1084 ko O1, ka fara da digiri 200 na tsawon sa'a biyu, ka fitar ta huce sarai, sannan ka maimaita sa'a biyu. Dalilin maimaitawar shi ne akwai ragowar ostenait da bai sauya ba a lokacin tsomawa, wanda wani ɓangarensa kan zama sabon martensait mai gautsi bayan gashin farko, kuma gashi na biyu ne ke kwantar da shi. A ma'aunin tauri na Rockwell, irin wannan ƙarfe yakan fito daga mai a wajen 64 zuwa 65, gashin digiri 200 kuma ya sauko da shi kusa da 60 ko 61. Wuƙar yanka mai siririn baki tana iya tsayawa a digiri 180 zuwa 190, wadda za a riƙa sara da ita kuma a kai ta 220 zuwa 230. Ka guji tsakanin digiri 260 da 370, domin a wannan zango irin waɗannan ƙarafa suna rasa tauri kuma juriyarsu tana raguwa maimakon ta ƙaru.

Maƙeran da suka gabata da launi suke aunawa: goge ƙarfe ya yi fari, a ɗumama shi, sai ya yi launin busasshiyar ciyawa a wajen digiri 220, ruwan ƙasa a wajen 255, shunayya a wajen 280, shuɗi a wajen 300. Sanin wannan yana da amfani, amma launin yana sauyawa da tsawon lokaci da kuma ragowar mai a jikin ƙarfe, don haka wuƙar da ta yi sa'a huɗu a digiri 200 tana iya fitowa da launin da ya fi haka duhu ba tare da wata matsala ba.

Saura fitar da kaifi, kuma a nan ma ana iya rushe duk abin da aka gina. Idan da inji kake wasawa, ka riƙe wuƙar da hannu ba safa domin ka ji zafinta, ka tsoma ta a ruwa bayan kowane wucewa. Idan ka ga tsinin ya yi shuɗi, wannan wuri ya yi laushi, sai an gurje shi gaba ɗaya. Bayan ta yi kaifi, ka danna gefen bakin a kan sandar tagulla ka ja a hankali kana kallo a haske: bakin da ya yi daidai zai ɗan lanƙwasa ya komo yadda yake. Sannan ka sassari busasshen itace mai tauri, ka yanki igiya sau da yawa, ka sake dubawa. Idan bakin yana ɓantarewa, ka mayar da wuƙar tanderu ka ƙara digiri 10 zuwa 15, shi ya sa ake yin wannan gwaji kafin a sa ƙota. Idan kuwa bakin yana naɗewa ya ƙi komowa, ka sake wasa shi ka wuce fatar da wuta ta ci, in har ya ci gaba da naɗewa to wuƙar ta yi laushi, sai an koma wuta da mai daga farko. Ka rubuta sunan ƙarfen, da irin man, da zafin gashin, da abin da gwajin ya nuna a cikin littafin da kake ajiyewa kusa da maƙera, domin wuƙa ta gaba daga waɗannan lambobi za ka fara.